Marka, Wadda Ta Ƙi Ruwan Damina

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Malam!

Sunan garin ya kuɓuce mini. Tsohuwar da ta ba ni labarin ma, muryarta kawai nake tunawa. Abin da ya rage zan ba ku.

An yi wasu ƙawaye biyu, Marka da Kyauta. Tare suke zuwa rafi, tare suke surfe.

Wata rana da tsakar rana, gari ya yi tsit, Kyauta ta hangi Burgu yana jan zangarnun gero daga rumbun iri, wanda ba a taɓawa sai ruwan shuka ya sauka. Da ya gama, ya jawo gammon Marka da ya sato, ya yar a gindin rumbun.

Ta ce, "Burgu, irin gari ne fa!"

Ya ce, "Ni ma ɗan gari ne, 'yar nan. A ƙasa dai nake zaune."

"Zan faɗa."

"Faɗi mana. Ramina ya bi ta ƙarƙashin rumbun gyatumarki. Bakinki ya buɗe, hatsinku ya ƙare."

Da aka ga rumbu wayam, aka ga gammo, sai aka kama Marka. Ta dubi Kyauta sau ɗaya, ta sake dubanta, ta kuma dubanta. Kyauta ta sunkuyar da kai.

Aka kori Marka daji. A bakin gari ta juyo ta ce, "Da damina aka haife ni. Amma ruwan da zai sauka a garin nan, ba zan sha ba."

Damina ta faɗi, ko'ina ya yi kore. Sai ga wani itace a bayan gari, inda da babu shi. Fari fat, ba ganye ko ɗaya, kamar ƙasusuwa a tsaye. Tsuntsu ba ya sauka a kai. In rana ta take, ko iska babu, rassansa sai su yi ta kiran, "Kyauta... Kyauta..."

Kyauta ta kai masa fura. Ya ce, "Ƙawata, ba yunwa nake ji ba."

Ta kai masa zane. Ya ce, "Ƙawata, ba sanyi nake ji ba."

Ta je hannu rabbana, tana kuka, ta ce, "To me zan kawo miki?"

Ya ce, "Abin da kika haɗiye."

Kyauta ta nufi dandali. Ta faɗi komai, har shirun da ta yi. Aka ɗauko fartanya, aka tura wa ramin hayaƙi. Burgu ya fito yana tari, ya ce, "Haba jama'a, ajiya na yi muku!" Ya tsere, amma ya riga ya cika alkawarinsa. Rumbun su Kyauta ko ƙwaya babu.

Dattawa suka durƙusa a gindin itacen, suka ce, "Marka, ki yafe, ki dawo gida."

Amma ina! Wanda ya yi saiwa ba ya komawa gida.

Kyauta ba ta daina zuwa ba, ga yunwa, ga kunya. Rani ya yi, kowane itace ya kaɗe. Ran nan ta zauna a gindinsa cikin zafin rana, sai ta ji inuwa ta rufe ta. Ta ɗaga kai. Ganye ne shar, a kan kowane reshe.

Muryar ta ce, "Ruwansu na rantse ba zan sha ba. Inuwarki ban rantse a kanta ba. Ki yi shuka a gindina."

Shi ne gawo. Gaskiyar da aka jinkirta tana wanke suna, amma ba ta dawo da mutum.

Daga baya na yi yawo, na duba da idona. Gawo da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi sabo. Manoma kuma sun nuna mini geron gindinsa, ya fi na gefe kyau.

Ƙurunƙus kan ɗan burgu.