Yadda Ƙarami Ya Zama Mbabban Jalingo

Akwai wani saurayi a unguwar Kachalla Sembe, nan cikin Jalingo, mai suna Ukasha. Kakansa ne ya zo daga Kano da fataucin yadi, shi kuwa a nan aka haife shi. Mawaƙin hip-hop ne, kuma yana da baki. In ya hau kiɗa, ko wanda ba ya son rap sai ya kaɗa kai.

Damuwarsa ɗaya ce. Shi ne auta, ga shi gajere, don haka tun yana rarrafe ake ce masa Ƙarami. Ummansa Furera da Ƙarami take kiransa, masu keke ma haka. Ko a fosta aka rubuta MC Ukash, mai gabatarwa sai ya ce, "Ga Ƙarami nan tafe!" Sai ya ƙudura a ransa cewa albam ɗinsa na farko shi zai binne wannan suna.

Mai haɗa masa kiɗa abokinsa ne tun firamare, Hammanjoda, Bafulatanin unguwar Barade mai ɗan situdiyo a bayan shagon yayansa.

Wata ranar kasuwa suka je garin Iware a kan babur, ɗaukar bidiyo cikin shanu. Hammanjoda ya tafi salla. Ukasha kuwa ya kafe a tsakiyar hanyar da ake koro garke, da sarƙa a wuya, da baƙin tabarau, da jaket mai kauri cikin zafin rana. Wani dattijon makiyayi ya yi ta yi masa alama ya kauce. Bai kauce ba, shanu suka watse. Dattijon ya nuna shi da sanda, ya daka tsawa:

"Mbabba!"

Sauran makiyaya suka kwashe da dariya, suna maimaitawa. Ukasha ya ɗaga musu hannu biyu kamar ɗan takara.

Fulatancinsa bai wuce gaisuwa ba. Amma ya daɗe da lura cewa Fulani na son maƙala "m" ko "n" a gaban kalma. Don haka lissafin bai ba shi wuya ba: "babba" ce aka faɗa da bakin Fulani.

A hanyar komawa ya ce, "Hamman, na samu sunan albam. Ko makiyayi ya kalle ni ya gane. Mbabba!"

Hammanjoda ya kusa sakin kan babur. "Me? Ƙarami, tsaya ka ji. Kalmar nan..."

"Ka ji ko! Ƙarami. Shi ya sa abin bai yi maka daɗi ba."

"Wallahi ba haka ba ne. Ma'anarta..."

"Malam, kiɗa naka ne, kalmomi nawa ne. Na taɓa koya maka haɗa bit?"

A Fulatancin makiyayan nan, mbabba jaki ne. Abin da Hammanjoda ke son faɗa ke nan. Da suka koma gida ya kira shi a waya, ba a ɗauka ba. Ya tura saƙon murya, aka toshe lambarsa. Ukasha ya kwashe waƙoƙinsa ya kai wa wani mai situdiyo da bai daɗe da zuwa daga Jos ba, wanda Fulatancinsa bai ma kai na Ukasha ba.

Ba a jima ba fosta ta cika gari: MBABBAN JALINGO. Aka buga riguna, da hotonsa ya harɗe hannu.

Masu jin Fulatanci a Jalingo ba kaɗan ba ne. Wasu kunya ta hana su magana, wasu sun ɗauka da gangan ya yi, irin na mawaƙan zamani. Mafi yawa dai ba su ga dalilin ɓata wa kansu kallo ba. Duk inda ya gifta sai a ɗaga murya, "Mbabba!" Shi kuma ya dafa ƙirji ya ce, "Ni ne."

Ya gaya wa Ummansa, "Kin ga farin jini? Ko fita albam bai yi ba."

Ranar ƙaddamarwa, bayan la'asar, zauren wani otal ya cika har waje. Har dattawan da ba su taɓa zuwa wasan rap ba sun zo, sun zauna a gaba suna gyara hula.

Ukasha ya karɓi makirfo. "Jalingo! Wane ne ni?"

"Mbabba!"

"Ban ji ba!"

"MBABBA!"

Aka saki kiɗa, ya shiga babbar waƙar:

"An haife ni mbabba, ba koya na yi ba,
Ubana mbabba ne, ku je kasuwa ku tambaya,
Kakana mbabba ne tun daga Kano!"

Wani dattijo a layin gaba ya zame daga kujera. Mata suka rufe fuska da mayafi, kafaɗu na rawa. Ukasha ya ɗauka waƙa ce ta ratsa su, ya ƙara wuta. Can daga baya wani ya yi kukan jaki, mai tsawo, har da shessheƙar ƙarshe. Wani ya amsa masa daga ɗaya ɓangaren. Kafin baiti ya ƙare, rabin zauren na yi, kuma a kan kiɗa.

Da ya sauko shan ruwa, Keziah, mai yi masa amshi, ta ja hannun rigarsa. Hausarta irin ta gari ce, wadda ba ta damu da namiji ko mace ba.

"Oga, mamana ya kira ni yanzu. Shi yana saya nono wurin Fulani, ya san yaren. Ya ce wannan suna da ka sa, na mai ɗauka kaya ne."

"Ɗan dako?"

"A'a. Mai dogon kunne."

"Zomo?"

"Jaki, oga."

Ukasha ya kalli rigar da ke jikinsa. Ya kalli ta Keziah. Ya leƙa zaure, ya ga irinta a jikin kowa. Ta ƙofar kicin ya fita.

Kafin ya isa gida bidiyo ya riga shi. Ya tarar da Umma Furera a tsakar gida riƙe da waya.

Ta ce, "Kai ka ce kai jaki ne, wannan ruwanka. Amma me mahaifinka ya yi maka? Shi kuma kakanka, bawan Allah yana kwance a kabarinsa, ka bi shi har can?"

Ya yi kwanaki bai leƙa ko ƙofar gida ba. Ranar da ya fita, Barade ya nufa. Ya tarar da Hammanjoda a situdiyo, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Hamman, ka yafe mini. Gaya mini ma'anar kalmar nan. Yau zan saurara."

"Ai gari ya riga ya fassara maka." Hammanjoda ya tura masa kujera. "Zauna. Waƙoƙinka ba su da laifi. Kunnenka ne ba ya aiki, duk da tsawonsa."

Suka cire baitin uba da kaka. A madadinsa Ukasha ya rera yadda ya tare wa shanu hanya, da yadda ya toshe lambar mai gaya masa gaskiya, suka bar kukan jakin a cikin amshi. Mutane suka nemi albam ɗin don su yi dariya, sai suka tarar da waƙoƙi masu kyau a ciki. Yanzu da wuya ka hau keke a Jalingo ba ka ji shi ba.

Wata rana ya tambayi Hammanjoda, "To sunan fa? Yaya za a yi ya fita?"

"Wanne? Ƙarami ai ya fita. Ba abin da ka nema ke nan ba?"

Haka kuwa aka yi. Daga Kachalla Sembe har Iware, Mbabba ake kiransa. Mutum ɗaya ce ta rage a duniya mai ce masa Ƙarami. In Umma Furera ta kira shi da sunan daga kicin, da gudu yake zuwa.

Darasi: Girman kai kunne yake fara toshewa. In wanda ya san ka tun kana ƙarami ya ce "tsaya ka ji", to ka tsaya ka ji, kuma kada ka ɗauki kowace sowa a matsayin yabo kafin ka san me ake cewa. Ku tura wa abokanku, musamman wanda ba ya bari a ƙarasa magana.