Kujerar Baba Direba

Akwai wani tsohon direba da labarinsa ya ƙona min rai, jama'a. Tun da matarsa ta rasu, ba shi da wurin zuwa sai ƙungiyar masu karatu da ke haɗuwa a laburaren unguwa duk Asabar. Al'adarsu ita ce su zauna a zagaye, littafi ya bi hannu hannu, kowa ya karanta shafi ɗaya a bayyane.

Sai idon Baba Direba ya fara hazo. In littafi ya zo hannunsa, sai ya shafa shi ya miƙa gaba, ya kasa kunne.

Abin ya tsaya wa shugaban ƙungiyar a wuya, da ma mutum ne mai ji da kai. Ranar nan ya ɗauke kujerar tsohon ya jingine ta da bango.

"Baba, nan ba wurin shan hira ba ne. Wanda ba ya karantawa ya zauna gida."

Kuma ba wanda ya ce uffan! Wallahi shirun nan ya fi ba ni haushi.

Ana nan, laburaren ya gayyato wata marubuciya don ta kwaɗaitar da mutane shiga ƙungiyoyin karatu. Ɗaki ya cika maƙil. Baba ya zo ya raɓe can bayan kantar jaridu, kamar mara gaskiya.

Shugaba ya miƙe yana hura hanci: "Tamu ƙungiyar ba ta 'yan sauraro ba ce. Wanda ya kasa karanta shafinsa, tuni muka sallame shi."

Marubuciyar ta gyara baƙin tabaraunta.

"To, ni ma ka sallame ni ke nan, Malam. Idona ya daɗe da tafiya. Ƙanwata ce ke karanta min, ita ke rubuta abin da na faɗa. Wanda aka sallama yana nan?"

Baba ya ɗaga hannu, sai ya tuna ba za ta gani ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Ga ni, 'yata."

"Baba, mu kafa tamu. Ranar Asabar ka tanadar min kujera kusa da kai."

Nan take jama'a suka kewaye Baba, har da waɗanda suka yi shiru a da, suna sunkuyar da kai. Da Asabar ta zagayo, shugaba ya zauna shi kaɗai da littafinsa, ba wanda zai miƙa wa.

Darasi: Kada ka kori mutum saboda abin da Allah ya karɓe masa, kuma kada ka yi shiru ana wulaƙanta wani a gabanka. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta, wanda ba ya gani ku karanta masa.