Tawadar Malam a Littafin Soja

Malaminmu, Allah ya ƙara masa yarda, kogin ilimi ne, mai tsantseni da zuhudu, wanda ya shekara talatin bai wuce tsakanin masallaci da ɗakin karatunsa ba. Cikin ɗalibansa akwai wanda muke kira Mai-tawada, domin shi ke dafa wa Malam tawada, shi ke fere masa alƙalami, shi ke zama a damansa. Mutumin kirki ne, sai dai kishi, ko murmushi Malam ya yi wa wani sai ya wuni yana cika yana batsewa.

Akwai kuma wani soja da kan zo karatu idan ya sami hutu, ya raɓe can wajen takalma yana haɗa baƙi da ƙyar. Ya kai rabin wani littafin fiƙihu aka tura su aiki ƙetaren teku, inda zazzaɓi ya kwantar da shi wata biyu. A watannin nan tawadar Malam ta riƙa ƙarewa ba dalili, har Mai-tawada ya zargi abokan karatu. Da labarin rasuwar sojan ya iso, Malam bai ƙara rufe darasi ba sai ya ambace shi a addu'a kafin kowa, abin kuwa ya tsaya wa Mai-tawada a rai.

Yakan ce a bayan ido, "Shekara ashirin ina nan ban sami wannan ba. Ko harsashi bai taɓa shi ba fa, zazzaɓi ne irin na kowa!"

Wata safiya matar sojan ta kawo littafin, wanda aka dawo da shi cikin akwatin mijinta. Mai-tawada ya riga kowa karɓa don ya nuna inda malalaci ya tsaya. Ya buɗe rabi, ya wuce, sai ya tarar kowane shafi har kusan ƙarshe ga sharhi a gefe da rubutun Malam, da tawadar da shi kansa ya dafa, ya san kaurinta.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, yaushe? Ni ke buɗe ƙofar nan, ni ke rufewa."

Malam ya ce a natse, "Yana kwance yana kukan bai sauke ba. Wanda ya kira, a je masa."

"To, ni fa?"

"Kai kana kusa, amma ba ni kake kallo ba, wanda nake kallo kake kallo. Saura layi uku ya sauke, rai ya yi halinsa. Ƙarasa masa."

Mai-tawada ya karanta layukan, sannan Malam ya miƙa masa alƙalami, ya sa shi rubuta wa sojan ijazar sauka, wato shaidar kammala littafin, da hannunsa. Ya rubuta, hawaye na zuba, kuma har yau idan an ambaci mamacin yakan yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya riga ni."

Tsarki ya tabbata ga Mai bai wa bayinsa abin da ya so. Allah ya jiƙan sojan, ya wanke mana zukata, ya ba mu albarkar Malam, amin.