Karen Da Ya Ƙi Cin Abinci A Hawa Na Huɗu

Akwai wata mata a unguwarmu ta Fai Chi Kei, nan birnin Makawo, sunanta Cheang Sio Fong, amma kowa Fong yake ce mata. Shekarunta hamsin da takwas. Guga take yi a ɗakin wankin wani otal, awa takwas a tsaye, kullum ta dawo ƙafafunta a kumbure. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tilo ta yi aure a Taiwan. Kaɗaici ya ishe ta, gida shiru sai ƙarar firji.

Da aka rufe filin tseren karnuka, wata ƙungiya ta shiga nema wa karnukan gidaje. Fong ta je kallo kawai, ta dawo da ɗaya. Fari ne, dogo, siriri, ciki a lafe, kana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Ta sa masa suna Taufu, wato awara.

Ma'aikaciyar ƙungiyar, Malama Ung, ta haɗa ta da keji da takunkumi, ta ce, "Anti Fong, gwajin sati uku ne. Zan zo in auna shi. In ya ƙara ramewa dole in mayar da shi, kada ki ce ban faɗa miki ba."

Fong na isa gida ta jefa takunkumin a shara, kejin kuma ta ninke ta tura bayan kabad.

"Ka gama zaman kurkuku," ta ce wa karen. "Falon nan duk naka ne."

To, falon ne Taufu ya ƙi. Ya cusa kansa a lungun da ke tsakanin firji da bango, ya tsaya yana kyarma. Ta dafa masa kaza, ta dafa kifi, ta dama kunun shinkafa, ta durƙusa tana kai masa har baki tana lallashi. Sai ya kau da kai. In ta tafi aiki ya ɗan lasa, shi ke nan.

Ga kuma bene. Hawa na huɗu take, gidan ba lif, shi kuwa bai taɓa ganin matattakala ba a rayuwarsa. Da ya zo bakinta sai ya ƙame ƙam. Haka Fong za ta rungumi kare mai kusan kilo talatin, safe da yamma, ta sauka da shi ta hau da shi. Ni kaina in na tuna sai bayana ya amsa.

A hawa na biyu akwai wani dattijo, Kawu Kuok, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan karnuka a filin tseren nan kafin a rufe. Tun daga lokacin ba shi da aiki sai zama a bakin ƙofa da rediyo da kofin shayi.

Rana ta biyar ya dube ta tana haki, ya ce, "A-Fong, ke kike fita da kare yawo ko shi yake fita da ke? Mayar masa da kejinsa, zai ci abinci."

Ai kuwa kamar jira take.

"Kawu Kuok, ka ji da kanka! Ba ku ne kuka mayar da su haka ba? Yanzu kai za ka koya mini tausayi?"

Dattijon ya ƙara muryar rediyonsa.

Gaskiya maganar nan ta yi zafi, kuma Fong ta san ta yi zafi. Amma kun san mutum in ya ga shi ne mai kirki a cikin labari, kunnensa toshewa yake yi.

Rana ta goma sha biyu, tana tsakar hawa da shi bayanta ya riƙe. Ta zauna daɓas a kan matattakala, karen na gefenta yana rawar jiki, ƙasusuwan ƙugunsa sun ƙara fitowa. Saura kwana tara Malama Ung ta zo. Fong ta fashe da kuka, kukan gajiya, irin wanda ko murya ba ya fita.

Da ta gama ta share fuska, ta sauka ta tsaya gaban dattijon.

"Kawu, na yi maka rashin kunya rannan. Ka yi haƙuri. Za su karɓe shi."

Ya kashe rediyon. Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon takunkumi da bokitin ƙarfe, ya hau benen a hankali yana dafa gwiwa.

Shi ya kafa kejin, ya rufa masa bargo.

"Shekara biyar yana kwana a wuri kamar faɗin teburin nan," in ji shi. "Ke kuma rana ɗaya kin miƙa masa duniya gaba ɗaya. Sannan kin cika kallonsa. Haba! Ko ni aka zuba wa ido haka, abinci ba zai wuce mini ba."

Taufu ya fito daga lungu da kansa ya shige kejin. Kawu Kuok ya ajiye masa kwano, ya buga bokitin sau biyu, kwam, kwam, yadda suke yi a can in lokacin ci ya yi. Ya ja Fong kicin, suka zauna sun ba kejin baya.

Minti goma shiru. Minti ashirin shiru. Can sai suka ji kwano yana motsi.

Fong ta zabura za ta juya.

"In kika waiwaya na tafi," in ji dattijon. "Zuba mana shayi."

Suna sha ya ce, a hankali, "Abin da kika faɗa mini rannan, ba duka ne ƙarya ba. Karnuka nawa na ja, ban san adadinsu ba. Na san gudunsu, na san lambar kowanne. Ban taɓa tambayar ina suke zuwa in sun daina gudu ba. Abin yana damuna."

Fong ta ƙara masa shayi.

Washegari ya ɗauko takunkumin. Ta ɓata fuska.

"Ke kike ganin wulaƙanci," ya ce. "Shi a wurinsa takalmin fita ne. Duba."

Karen kuwa ya miƙo dogon bakinsa da kansa, har wutsiyarsa ta ɗan kaɗa.

Benen ne ya ba su wuya. Kwana shida suka yi, Fong na riƙe da igiya a gaba, dattijon na baya yana ɗaga masa ƙafa ɗaya bayan ɗaya, su duka uku suna nishi. Abinci kuma sai ƙarfe bakwai na safe da huɗu na yamma, ba gaba ba baya. Tunda ƙarfe huɗu tana wurin aiki, Fong ta ba Kawu Kuok makullin gidanta. Ƙofar kejin suka daina rufewa.

Ranar Asabar Malama Ung ta iso da sikelinta. Fong ta sauka ta taro ta, ita kanta ta san karen bai yi wata ƙiba ba. Kawu Kuok ya biyo su.

Fong na buɗe ƙofa ta ga keji wayam. Ta juya, sai ga Taufu a kan doguwar kujera, kwance rigingine, ƙafafu huɗu a sama, harshe a waje, ido rabi a buɗe.

"Wayyo! Ya mutu! Kawu, ya mutu!"

Malama Ung ta tuntsire da dariya har sikelin ya kusa suɓuce mata.

"Anti Fong, barci yake! Irinsu ba sa kwanciya haka sai a inda ba sa tsoron kowa. Awon ma na cika takarda ne kawai. Kare ya zama naki, kawo in tashe shi mu gama."

"Dakata," in ji Kawu Kuok daga bakin ƙofa. Idonsa ya cika da ƙwalla. "Shekara talatin da ɗaya ina tare da su, ban taɓa sanin haka suke barci ba. Don Allah kada ku tashe shi."

Su ukun suka tsaya nan a bakin ƙofa, sai da ya farka don kansa.

Darasi: Tausayi kaɗai ba ya isa. Wanda ya fito daga wahala, mutum ne ko dabba, kada ka tura masa alherinka yadda kai kake so, ka bi shi a hankali yadda zai iya ɗauka. Kuma kada ka raina shawarar mutum don ka san laifinsa na baya, wataƙila shi ne ya san hanyar. Ku tura wa wani da ya gaji yana kula da wani, ya san ba shi kaɗai ba ne.