Marfin Ranar Nababa

Akwai wani mutum a tashar motar Gummi da ake kira Nababa, mai ɗinkin kujerun mota. Ba wanda ya koya masa sana'ar. Tsohuwar kujera ya farke yana saurayi, ya ga yadda aka haɗa ta, ya mayar, shi ke nan ya zama gwani. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Bakinsa ne matsala. Mutum ne da in ka fara magana sai ya ƙarasa maka ita, kuma ya ƙarasa ta ba daidai ba.

Duk wanda ya san hanyar Gummi zuwa Anka ya san halinta. Da safe gabas ka nufa, rana na cikin idonka. Da yamma in za ka dawo yamma ka nufa, tana nan tana jiranka. Ga motocin namu tsofaffi ne, marfin ranarsu, wato ɗan faifan nan na saman gilashi da direba ke saukewa ya kare ido, wani ya karye, wani ya saki yana lilo, wani an ɗaure shi da roba an cusa takardun mota a bayansa.

A shekarar 2014 Nababa ya ce shi zai kawo ƙarshen wannan wahala. Ya samo farantin alminiyam, ya rufe shi da baƙar fata, ya yi masa ɗinki mai kyau. Faɗinsa tun daga ƙofa har madubin tsakiya, in an sauke shi kuwa ya cinye fiye da rabin gilashi. Ya ce ko ranar lahira ce ba ta wuce shi.

Direbobi bakwai suka sa. Kafin sati biyu shida sun kwance.

Wani direba mai suna Atiku ya je rumfarsa don ya yi masa bayani. Bai kai ga ƙarshen jimla ba Nababa ya taso masa. Ya ce su direbobi ban da taka totur da cin goro me suka sani, ya ce an ba jaki alkyabba yana neman buhu. A gaban jama'a ya faɗa. Atiku ya kaɗe rigarsa ya tafi, sauran ma suka ɗauke ƙafa. Kujerunsu sai su kai Anka a gyara.

Rumfar ta yi tsit. Matar Nababa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa na Sakkwato, ba mai leƙo shi sai ranar salla. Yakan wuni shi da keken ɗinki da rediyo, marfin rana goma sha biyu rataye a bango suna shan ƙura. In an yi raha a inuwar direbobi yana jin dariyarsu daga nesa, sai ya ƙara wa rediyo murya.

Mutum ɗaya ne bai kwance nasa ba, shi ne Labbo.

Labbo dattijo ne, gajere, mai sanyin magana, ya kusa shekara talatin a kan hanyar. Motar da yake ja ta wata 'yar kasuwa ce, Hajiya Habsu mai shinkafa. An yi masa aikin yanar ido shekara guda kafin nan, tun daga nan in rana ta doke shi sai hawaye su cika masa ido. Sau ɗaya ya sauka daga kwalta da yamma ya ƙwarzane gefen motar, Hajiya ta kira shi ta gaya masa ba wasa: ta yafe wannan, amma in aka sake, makullinta za ta karɓa. A shekarunsa kuwa ba mai ba shi wata mota. Makullin nan shi ne abincinsa, shi ne kuma dalilin fitowarsa cikin mutane.

To shi ya fi kowa buƙatar marfin rana. Kuma shi kaɗai ke zuwa rumfar Nababa bayan ya sauke fasinja, ya zauna kan tsohuwar kujera, ya saurari surutunsa yana murmushi.

Wata rana Labbo ya gyara zama ya ce, “Nababa, abin ga naka ya yi kyau, yana tare rana ƙwarai. Sai dai in na sauke shi…”

“Sai dai mi? Kai ma sun zuga ka ko? In ba ka so kwance ka aje mini, daman na san ƙarshenta ke nan.”

Labbo ya dubi fuskarsa, ya dubi goma sha biyun nan na bango. Ya ce a'a, ba komai, tsokanarsa yake. Ya bar marfin a motarsa. Ya san kowace safiya Nababa na tsayawa bakin tasha kamar mai shan iska, alhali jira yake ya ga aikinsa guda ɗaya ya wuce.

A cikin watan Agusta aka yi ruwa mai ƙarfi da azahar, sannan gari ya washe tas. Ruwan ya cinye gefen wata kwalbati bayan an wuce mararrabar Bukkuyum. Labbo ya bi ta kanta da safe lafiya lau, bai san abin da ya faru ba. Ya taso daga Anka bayan la'asar, rana ta sunkuyo daidai ido, ya sauke marfinsa.

Motoci uku suka gifta shi. Ya bi hannunsa kamar kullum, sai ji ya yi ƙafar gaba ta zurma inda ruwan ya cinye.

Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Wata malamar asibiti da ke gaba, Keziah, ta gurɗe a hannu, gaban motar kuwa ya lotse. Washegari Hajiya Habsu ta aiko aka karɓi makulli. Labbo bai yi gardama ba. Ya ɗaure kayansa ya koma ƙauyensu, Tungar Guru, ko sallama bai tsaya yi ba.

Da labari ya iske Nababa, kun san abin da ya fito daga bakinsa? Cewa ya yi idon Labbo ne ya ƙare, da ma tsoho ya kamata ya haƙura da tuƙi. Wallahi ina rubuta wannan raina na ɓaci.

Atiku na kusa, ya ji. Bai yi zagi ba. Ya je inda aka jawo motar Labbo, ya kwance marfin, ya ɗaura a motar wani abokinsa. Da rana ta yi ƙasa ya zo ya kama hannun Nababa ya ce ya taso. A nan ne aka gane wani abu da ba wanda ya taɓa lura: mutumin da ya ɗinka kujerar direba ta fi ɗari bai taɓa zama a kanta mota na kallon hanya ba. Bai iya tuƙi ba. Duk gwajin da ya yi wa marfinsa a inuwar rumfa ya yi shi.

Aka juya motar ta fuskanci yamma a kan kwalta, aka zaunar da shi mazaunin direba, aka sauke marfin. Atiku ya shiga tasa motar, ya yi nisa, ya juyo, ya zo ya wuce shi a hankali. Ya dawo da ƙafa ya leƙo ta taga.

“Mi na ce maka da na wuce?”

“Ba ka ce komai ba. Tayoyinka kawai na gani.”

“Sau uku na fiddo hannu na ce ka tsaya.”

Sai Atiku ya yi masa bayanin da ya hana shi yi wata biyar da suka wuce. A hanyar nan direbobi da hannu suke magana. Fitila gaisuwa ce kawai, saƙon yana ga hannun da aka fiddo ta taga. Akwai alamar hanya lafiya, akwai ta fasinja na jira a gaba, akwai ta rage gudu, akwai ta koma baya kada ka ƙarasa. Marfin Nababa ya tare rana, ya kuma tare daidai wurin da hannun ke fitowa. Direbobi ukun nan da suka gifta Labbo duk sun yi masa alama. Ɗayansu Atiku ne.

Nababa ya daɗe a kujerar nan. Rana ta faɗi, aka kira magariba, yana zaune hannunsa kan sitiyari. Sai da mai motar ya ce zai tafi gida sannan ya sauko.

Daga ranar ya rufe rumfa. Kullum da sassafe sai ya shiga motar Anka ya zauna gaba, da yamma ya biyo wata ya dawo. Direbobi ba su kula shi, shi kuwa ido kawai. Ya ga direba hannu ɗaya gare shi na taɓa wani abu, shi ma na ɗan lokaci ne, don ga giya ga ramuka. Ya ga rana ba ta tsayawa wuri ɗaya, hanya na karkata tana komawa gefe. Ya ga dogo da gajere ba wuri ɗaya take dukansu ba. A sati na biyu ya fara tambaya, kuma abin mamaki, yana bari a ba shi amsa har ƙarshe.

Sai da ya lalata guda tara kafin ya samu. Sabon bai kai rabin na da ba. Ya ɗora shi a kan siririn ƙarfe, da yatsa ɗaya za ka tura shi dama ko hagu ba tare da ka ɗauke ido daga hanya ba. Ƙasansa ya sa baƙar roba mai gani, irin ta gaban hular kwano, tana kashe hasken amma kana ganin mai zuwa har hannunsa. In an faɗa rami ba ya faɗowa. Takardu kuwa ya yi musu aljihu dabam.

Atiku ya fara gwadawa. Ya je Anka ya dawo, bai yaba ba, cewa kawai ya yi kada a kwance. Kafin wata ya ƙare har daga Bukkuyum ana zuwa nema.

Nababa ya naɗe guda ɗaya a tsumma ya nufi gidan Hajiya Habsu. Ya same ta tana duba buhunan shinkafa. Ya durƙusa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya ce laifin nasa ne ba na Labbo ba, ta dubi Allah ta mayar masa da makulli.

Ta saurare shi har ya gama. Ta ce duk ta ji labari, kuma ta san Labbo mutumin kirki ne. Amma ta ba wani direba motar, mai iyali ne shi ma, ba za ta raba shi da ita ba.

“Kuma bari in gaya maka, Nababa. Kai ba ka sani ba, shi ya sani. Ya san ba ya ganin hannun mutane, ya ɗauki rayuka bakwai yana tafiya don kada ranka ya ɓaci. Wanga kirki ba na iya ɗaukar shi a motata.”

Nababa ya fito da ƙunshinsa.

Ranar kasuwar Bukkuyum ya shiga mota, daga can ya hau babur zuwa Tungar Guru. Ya iske Labbo a gonar ƙanensa yana yankan gero, ya ɗaura tsumma a goshi saboda ido. Ya rame. Suka gaisa, suka zauna a kan kunyar gona. Labbo ya tambayi mutanen tasha ɗaya bayan ɗaya, har mai shayi, har wanda ke masa ba'ar gajarta. Ya ce abin da ya fi damunsa a nan shiru ne. Da asuba jikinsa kan tashe shi kamar zai yi lodi, sai ya tuna ba inda za shi.

Nababa ya nemi gafara. Ya kwance ƙunshin da ya zo da shi, ya miƙa masa sabon marfin.

Labbo ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya ɗaga shi sama daidai rana, ya tura da yatsa ɗaya, ya dawo da shi. Ya leƙa ta baƙar robar, ya hango wata mata can nesa a kan hanya da tulu a kai, ya ce har hannunta yana gani.

“Awo,” in ji shi. “Wanga shi na so in gaya maka ran nan. Ka rage mishi tsawo kaɗan. Shi ke nan maganar.”

Ya naɗe shi da kyau, ya mayar wa Nababa, ya ce ya ba mai mota, shi ba ya da inda zai ɗaura shi. Ya ɗauki laujensa ya koma cikin gero.

Nababa ya tako shi kaɗai har bakin hanya, da ƙunshin a hammata, ya tsaya jiran babur.

Darasi: In kana ƙera abu don wani ya yi amfani da shi, je ka zauna inda yake zama, ka bar shi ya ƙarasa maganarsa, don shi ya san abin da kai ba ka gani daga rumfarka. Kai kuma mai kawaici, kada ka haɗiye gaskiya don gudun ɓacin ran aboki alhali akwai rayuka a bayanka. Jimla ɗaya da aka katse ta raba dattijo da aikin shekara talatin, kuma gyaran da ya zo daga baya bai dawo masa da shi ba. Ku tura wa masu sana'ar hannu da direbobin da kuka sani, musamman wanda ba a iya gaya masa gyara.