Ranar Da Tenywa Ya Waiwayo

Akwai wata malamar firamare mai suna Kagoya a wani ƙauyen masu noman rake a ƙasar Busoga. Ranar Talata da hantsi aka yi zaɓen shugaban ƙauyensu. Can ba a jefa ƙuri'a. Ɗan takara ya tsaya ya ba da baya, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna.

Kagoya ta daɗe tana tara mata a gindin mangwaro tana koya musu tsarin mulki. "Kujerar nan aro ce, ba gado ba," in ji ta.

"Malama, shi tsarin mulkin nan yana da gona?" tsohuwa Namukose ta tambaya. Aka kwashe da dariya, don duk rogonsu a filin Tenywa yake, shugaba mai ci. Har na Kagoya.

Duk da haka suka yi alkawarin bin Mugoya mai gyaran keke, wanda ya ce zai gyara musu rijiya.

Ranar zaɓen, da farko layin Mugoya ya fi na Tenywa tsawo. Sai Tenywa ya juyo gaba ɗaya, ya zuba musu ido yana murmushi.

"Ranka ya daɗe, doka ta ce ya ba da baya!" Kagoya ta ce wa jami'in zaɓe.

"Malama, ni ƙirge aka aiko ni," ya amsa, kansa a sunkuye.

"Namukose, uwata!" Tenywa ya ɗaga murya. "Yaya rogo? Ƙasar nan tawa ta karɓe shi, ko?"

Tsohuwar ta gyara ɗaurin zani. "Yafe ni, 'yata. Marayu ne a ɗakina." Ta ja ƙafa ta koma ɗaya layin. Sauran suka bi ta, babu mai iya kallon wata.

"Malama, saura ke. Ko littafin tsarin mulkin za ki dafa wa yara?" in ji Tenywa.

Kagoya ta dubi matan da suka sauya layi. Ta tuna duk abin da ta faɗa a gindin mangwaro, ta tsaya inda take. Daga ita sai matar Mugoya da wasu tsiraru.

Kafin mako ya zagayo, motar noman Tenywa ta bi ta kan rogonta, aka dasa rake. Washegari ta tarar da kwandunan rogo da ayabar dafuwa a ƙofarta, Namukose tana ajiye na ƙarshe.

"Kar ki ce ni ce," ta raɗa mata.

Tenywa ya zarce. Rijiyar tana nan a lalace, kuma babu wadda ta sake zuwa gindin mangwaro.

Darasi: Zaɓen da mai abincinka yake kallon fuskarka ba zaɓe ba ne. Kada mu zagi wanda tsoro ya kayar, mu tsaya kai da fata a kare sirrin ƙuri'a da dokar da ta hau kan kowa. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.