Rumfar Ƙanwar Kurciya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara!

A zamanin da tsuntsaye ke cin kasuwa, babu turaren wuta kamar na Rumfar Kurciya. Sai Hankaka ya kafa tasa, ya raɗa mata Rumfar Ƙanwar Kurciya.

Zakara ya sayi turaren Hankaka a zaton irin na Kurciya ne, ya kai wa masoyiyarsa Zabuwa. Da ta kunna, ƙauri ya cika ɗaki, ta kore shi. Ya kai ƙarar Hankaka gaban Alƙali Dila.

Hankaka ya ce, "Allah gafarta malam, ai ƙanwarta na ce!"

Alƙali Dila ya ce, "Kurciya, kina da ƙanwa?"

"Ni kaɗai uwata ta ƙyanƙyashe."

Aka rushe rumfar Hankaka, aka ɗaura masa farin ƙyalle a ƙirji don masu saye su gane shi. Zabuwa kuwa, da turaren Kurciya aka kai ta ɗakin Zakara, ƙamshin da yanzu babu irinsa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.